Likita ya amsa: idan mai duba lafiyar ƙwaƙwalwa bai fahimci al'adar majiyyaci ba

Tambaya daga wata uwa a Rigasa: Likita, tun da 'yata ta haihu ba ta barci, tana yawan kuka, har tana cewa tana jin muryoyi. Da muka kai ta wani asibiti na ce mun fara yi mata ruƙiyya, sai ma'aikacin ya yi dariya ya ce jahilci ne. Mu koma ko mu haƙura?

Amsa: Hajiya, Allah ya ba ta lafiya. Ku kai ta wurin likitan ƙwaƙwalwa ba tare da jinkiri ba, domin rashin barci da jin muryoyi bayan haihuwa larura ce ta gaggawa, amma tana jin magani. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna yana duba irin wannan, kuma kafin ku je kada a bar ta ita kaɗai da jaririn. Dariyar da aka yi muku kuwa ba daidai ba ce, kuma ta ɓata mini rai, domin wanda aka yi wa dariya sau ɗaya ba ya ƙara faɗin abin da aka ba majiyyaci a gida, ko rubutu ne ko jiƙo, alhali likita yana buƙatar sanin haka kafin ya rubuta magani. Tun a 1954 Farfesa Adeoye Lambo ya fara kula da masu larurar ƙwaƙwalwa a ƙauyen Aro kusa da Abeokuta tare da iyalansu da masu maganin gargajiya, saboda haka girmama abin da mutane suka yarda da shi ba sabon abu ba ne a aikinmu. Ku ci gaba da addu'a. Abin da ban yarda da shi ba shi ne dukan majiyyaci, ɗauri da mari, ko dakatar da maganin asibiti.

Tambaya daga wani matashi a Kawo: Mai ba ni shawara kan damuwa ta ce in bar gidanmu in daina jiran izinin mahaifina. Addininmu ba ɗaya ba ne. Ko shi ya sa ba ta fahimce ni ba?

Amsa: Malam, ba lallai addini ne dalili ba. Yawancin littattafan da aka koyar da mu da su daga Turai da Amurka suke, inda ake auna lafiyar mutum da yadda ya tsaya da ƙafarsa shi kaɗai, kuma likita Bahaushe ma yana iya ɗaukar biyayya ga iyaye ko kunya a matsayin ciwo. Ka faɗa mata ƙarara matsayin mahaifinka a wurinka, ka nemi a samo hanyar da ba za ta raba ka da gida ba, sai dai idan ana cutar da kai ne a gidan, wanda wannan magana ce daban. Idan ta ƙi saurara, kana da damar neman wani.

Tambaya daga wata ma'aikaciya a Sabon Tasha: Za a iya kora ta daga aiki don ina shan maganin damuwa?

Amsa: Malama, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa da Shugaba Buhari ya sanya wa hannu a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta hana nuna wariya saboda wannan larura, har a wurin aiki. Idan aka matsa miki, ki adana takardunki ki nemi lauya, kuma kada ki daina shan maganin don tsoron surutun mutane.