Gidana na Ingila ya ƙi sayuwa: in zuba ɗan haya ko sai banki ya yarda?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Birmingham, sana'ata sayen kayan gyaran mota na hannu ina turawa Kano a kwantena. Na yanke shawarar komawa gida da iyali in riƙe shagon da kaina. Na sa gidana a kasuwa tun watannin baya, masu dubawa na zuwa, amma babu wanda ya taya da gaske. Da sauran bashin banki a kan gidan, ina biyan fam 900 duk wata. Wani ɗan garinmu ya ce zai kama haya a fam 1,150 kafin mai saye ya fito. Dole ne in nemi izinin banki, ko in ba shi makulli kawai tunda ba fasa biyansu zan yi ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya kawo kasuwa. Dole ne ka nemi izini, kuma a rubuce, kafin ka miƙa wa kowa makulli.

Bashin da aka ba ka na gidan da za ka zauna a ciki ne da kanka, shi ya sa ruwansa ya fi sauƙi a kan na masu sayen gida don haya. Ka ɗauko takardun da ka sa wa hannu, za ka tarar an hana ba da haya sai da amincewarsu. Biyan wata a kan lokaci ba ya goge wannan sharaɗi. In suka gano, kuma ba wuya su gano tunda sunan wani zai bayyana a adireshin, suna iya ƙara maka ruwa, su ci ka tara, ko ma su ce ka biya ragowar bashin gaba ɗaya. Ga kuma inshora. Wadda kake da ita ta mai gida ce da ke zaune a gidansa. Allah ya kiyaye, in gobara ta tashi aka tarar ɗan haya ne a ciki, kamfanin na da hujjar ƙin biya, ka wayi gari ba gida ga bashi.

Neman izinin ba wani abin tsoro ba ne. Bankunan Ingila sun saba da shi, suna da fom ɗinsa. Ka kira su ka gaya musu gaskiya: gida na kasuwa bai sayu ba, kai kuma za ka bar ƙasar. Kada ka ɓoye maganar tafiyar, domin tana cikin abin da suke dubawa. Galibi suna so su ga ba ka taɓa makara wajen biya ba, kuma bashin ya ɗan kwana biyu. Izinin na wucin gadi ne, sau da yawa wata 6 zuwa 12, wasu suna sabuntawa. Wasu kuɗin takarda kawai suke karɓa, wasu su ɗora ƙari a kan ruwan. Ka tambayi nawa biyan watanka zai koma, da ranar da izinin zai ƙare, da abin da zai faru a ranar idan ɗan haya na ciki. In ta hanyar bankin Musulunci ka sayi gidan, irin su Al Rayan ko Gatehouse, maganar ba ta canza ba, hasali ma su abokan tarayyarka ne a mallakar gidan. In kuma gidan irin wanda ƙasarsa ta wani ce kai kana riƙe da shi na shekaru, sai ka duba ko mai ƙasar ma yana da ta cewa.

To amma ni a ganina ba banki ne babbar matsalarka ba. Abin da ya fi damuna cikin wasiƙarka shi ne wannan kalma taka, "kafin mai saye ya fito". A da ana iya yin haka: a ba mutum haya ta wata 6, in lokaci ya yi a ba shi takardar tashi ta wata 2 ba tare da faɗin dalili ba. Sabuwar dokar 'yan haya ta Ingila, wadda aka sa wa hannu a Oktoban 2025, manyan tanade-tanadenta kuma ke aiki daga 1 ga Mayun 2026, ta rufe wannan ƙofa. Babu sauran haya mai wa'adi. Mai gida na iya karɓar gidansa don ya sayar, amma ba cikin wata 12 na farkon hayar ba, kuma sai ya ba da sanarwar wata 4. In ɗan haya ya ƙi fita, sai an je kotu, kotu kuma ba ta gaggawa. Shi kuwa ɗan haya yana iya ba ka sanarwar wata 2 ya kwashe kayansa duk lokacin da ya ga dama. Akwai ma wani tarko: in ka fitar da mutum da sunan za ka sayar, ciniki ya wargaje, doka ta hana ka sake ba da hayar gidan har tsawon wata 12.

Ka ga taura biyu ba ta taunuwa. Mai sayen da zai zauna da iyalinsa yana son gida babu kowa, bankinsa ma ba zai saki kuɗi ba sai an tabbatar masa da haka. In da ɗan haya a ciki, masu sayenka sun ragu zuwa 'yan kasuwar gidajen haya, su kuwa da ƙyar suke tayawa da daraja. Kada ka ce ai ɗan garinmu ne, zai fita in na ce ya fita. Yau yana da niyya mai kyau. Nan da wata 5, yaransa sun shiga makarantar unguwar, bai sami wani gidan ba, kai kana Kano, doka kuma tana bayansa.

Sai lissafi. Tsakanin 1,150 da 900 akwai fam 250, amma ba taka ba ce. Tunda ba ka nan, kana buƙatar dillalin da zai kula da gidan, su kan ɗauki kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na kuɗin haya. A kashi 12 kawai, fam 138 ta tafi. Ka cire inshorar masu ba da haya, da ƙarin da banki zai iya ɗorawa, da binciken gas na kowace shekara, da na wayoyin lantarki duk shekara 5. Tukunyar ɗumama gida ta lalace sau ɗaya a hunturu, ribar shekara ta ƙare. Kuɗin ajiyar da za ka karɓa ma ba naka ba ne: ba zai wuce na hayar mako 5 ba, kuma cikin kwana 30 dole ka saka shi a ɗaya daga cikin asusun da gwamnati ta amince da su. Dole kuma a duba takardun mutumin, a tabbatar yana da izinin kama haya a ƙasar, ko da tare kuka taso.

Hukumar haraji ta HMRC ma tana jira. Kuɗin haya shiga ce da ake biya wa haraji, kuma tun 2020 ba a cire ruwan bashi daga ribar kai tsaye, rangwamen kashi 20 cikin ɗari na ruwan kawai ake ba ka. Wanda ya bar ƙasar na wata 6 ko fiye, dillali zai riƙa zare haraji daga hayar kafin ya tura masa, in babu dillali kuma hayar ta wuce fam 100 a mako, ɗan hayar ne zai zare, sai dai in ka cike fom na NRL1 an yarda a ba ka kuɗinka cif ka biya da kanka. Ranar sayarwa kuma, shekarun da ka zauna a gidan da wata 9 na ƙarshe babu harajin riba a kansu, abin da ya haura haka na zaman haya yana iya jawo shi. A matsayinka na mazaunin waje, sai ka sanar da HMRC cikin kwana 60 da kammala ciniki ko da ba a bin ka ko sisi.

Barin gidan a rufe shi ma da kuɗinsa, ban manta ba: fam 900 na fita duk wata, inshora da yawa na raguwa in gida ya yi kwana 30 ko 60 babu kowa, ƙaramar hukuma kuma na iya ninka harajin gidan da ya shekara a rufe.

Da ni ne kai, kafin in kira banki zan fara zama da dillalin da ke tallar gidan in ce ya faɗa mini tsakani da Allah farashin da zai sa a saya cikin wata 2. Gidan da ake ta dubawa ba a tayawa, yawanci farashi ne ya yi sama. In ragin da ya faɗa bai kai abin da shekara guda ta jira za ta ci maka ba, ka rage ka sayar, ka tafi da jarinka ka zuba a shago, bayan ka tambayi banki ko akwai tarar biyan bashi kafin wa'adi. In kuwa ragin ya yi yawa, to ka sauke gidan daga kasuwa, ka nemi izinin da zai kai aƙalla wata 18 ko alkawarin sabuntawa a rubuce, ka sa dillali ya rubuta yarjejeniya da mutumin garinku kamar yadda zai rubuta da baƙo.