Maganin da ake rabawa yara gida-gida da damina

Ƴar uwa kin ce ƙauyenku ba asibiti sai an hau mashin kusan awa guda, kuma kina ɗar-ɗar da masu bin gida-gida suna ba yara magani da damina. Wallahi ki karɓa, rigakafin zazzaɓin cizon sauro ne, tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi saboda yankinmu na Sahel. Kyauta ne, na yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, duk wata sau ɗaya har damina ta wuce.

Ranar farko a gabansu yaro zai sha, su bar miki na kwana biyu, to nan ne mutane ke sakaci, sai a cusa shi bayan kwalla a manta, alhali sai an cika kwana ukun yake aiki sosai. Ni ɗana bara ya yi amai da shansa, na faɗa wa matar ta sake ba shi wani, haka muka ci gaba, har kaka bai kwanta ba.

In jikin yaro da zafi ranar ki faɗa musu, za su ce a kai shi gwaji tukuna. Gidan sauron ma kar ki naɗe shi don Allah.