Ina asalin sunan Palmer?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina nazarin tarihin Masarautar Katsina, kuma ko'ina sai in ci karo da sunan Razdan Palmer. Shin sunan yana da ma'ana, ko laƙabi ne kawai? Daga wani ɗalibi, Ƙofar Soro, Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Wanda kake nufi shi ne Herbert Richmond Palmer, Baturen da ya tsaya aka ba Muhammadu Dikko sarautar Katsina a 1906, daga baya ya riƙe Laftanar Gwamnan Arewa daga 1925 zuwa 1930. Palmer sunan gidansu ne na gado.

Tushensa kalmar Latin ce, palma, wato itacen dabino da danginsa. Ita kuma kalmar palmer ta shiga Ingila ta bakin Normawa masu jin Faransanci, waɗanda suka ci ƙasar da yaƙi a 1066. A wancan zamani Kiristan da ya je ziyara Birnin Ƙudus yakan dawo da reshen dabino, shaidar cewa ƙafarsa ta taka wurin. Tafiya ce ta watanni, ta ƙasa da ta teku, ga ciwo ga 'yan fashi, ba kowa ke dawowa ba. Wanda Allah ya dawo da shi sai mutanen gari su riƙa ce masa palmer, kusan yadda muke cewa Alhaji. Bambancin shi ne a can sai laƙabin ya bi 'ya'ya da jikoki, domin zuwa wajen 1400 yawancin gidajen Ingila sun riga sun tsayar da sunan gado.

Sai dai a kula da abu biyu. Ba duk mai wannan suna ne kakansa ya je Ƙudus ba. An yi ta kiran matafiyin da ke yawo daga wannan wurin ziyara zuwa wancan da shi ma. Kuma kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne ɗaukar duk wani Palmer ɗan'uwan Razdan ne. Sunan ya tsiro a garuruwa da dama, a gidajen da ba su haɗa jini ba. In kana son tabbatar da dangantaka, takardu za ka bi: rajistar coci, wadda aka fara a 1538, da rajistar haihuwa ta gwamnati daga 1837, kana haɗa suna da gari da shekara.