Amsa ga Alhaji kan haɗa janareta da wutar gida

Assalamu alaikum jama'a. Alhaji, na saurari saƙonka. Ka ce ka sayi janareta mai kVA 3.5, kuma wani ya ba ka shawara ka samo waya mai fulogi a kowane baki, ka soka ɗaya a inji, ɗaya a soket ɗin falo, ka kashe babban makunni, shi ke nan. Don girman Allah kada ka yi haka.

Ka ga, duk ranar da aka manta ba a kashe makunnin nan ba, kuma wallahi sai an manta, ko kai ko Hajiya ko yara, wutar injinka za ta bi ta mita ta hau falwaya. Taransifomar unguwa aikinta ta karɓi volt 11,000 ta sauko da ita zuwa 230 da muke amfani da ita. In ka ba ta wuta ta baya, juyawa take yi, ta ɗaga 230 ɗinka ta koma dubbai. Ma'aikacin Kaduna Electric yana bisa tsani, ya san an kashe layi, ya kama waya da hannu. Rai ne fa, Alhaji, mai iyali. In kuma NEPA suka kawo wuta inji yana aiki, biyun suka haɗu, kwayil ɗin inji ya ƙone, wata sa'a har gobara. Ga haƙoran fulogin nan a waje da wuta a jikinsu, yaro na rarrafe.

Abin da ya dace shi ne canji-oba. Baki uku gare shi: wayar da ta fito daga mita ta shiga ɗaya, ta janareta ta shiga ɗaya, na ukun ya wuce zuwa akwatin rarraba wutar gida. An ƙera shi ne yadda hannun ba zai taɓa haɗa biyun a lokaci guda ba. Bayan mita ake sa shi, kada kowa ya taɓa hatimin mita, laifi ne.

To ga inda nake so ka buɗe ido. Wasu masu gyara layif, wato wayar da ke ɗauke da wuta, kawai suke yankewa, su murɗe nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, na NEPA da na inji wuri guda don sauri. A'a. Ka ce a sa maka wanda yake yanke layif da nutural tare. In gidanka layi uku ne, mai yanke huɗu. Girmansa kuma da wutar NEPA ake auna shi, ba da inji ba, tunda duk nauyin gida ta cikinsa zai bi. Gida irin naka mai amp 63 ya isa. Injinka wajen amp 15 ne, don haka waya mai mm 4 ta wadatar, amma ta jan ƙarfe zalla. Ka sa a kankare bakinta a gabanka, in ka ga fari a ciki, alminiyam ne aka shafa wa launi, ka ajiye musu kayansu.

Hita, dutsen guga da famfon burtsatse, a cire su daga layin inji. Ka tayar da injin ya daidaita tukuna, sannan ka juya hannun canji-oba. A sa ɗan kwan fitila a ɓangaren NEPA don ku san an kawo. A kafa sandar at, wato ƙarfen da ke kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa, a ƙasa a ɗaure ta da jikin inji. Shi kuma inji a fili, nesa da taga, ko da damina ce. Hayaƙinsa yana kashe mutum yana barci.

Wanda zai yi aikin, ka tambaye shi takardar shaidar NEMSA, hukumar gwamnati mai duba ingancin aikin wutar lantarki. Kafin nan ɗauko min hoton akwatin da na mitar ka turo, in faɗa maka abin da za ka sayo.