Tambaya da Amsa: Kufai, Hoton Tauraron Ɗan'adam da Riƙon Amana

Tambaya: Malam, ina duba Google Earth sai na hango wani abu kamar tsohuwar ganuwa a daji, cikinta duk ramuka. Ina zargin masu haƙar kayan tarihi ne. In sa hoton a Facebook don hukuma ta farga? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Ɗalibi, madalla da wannan kishi, amma kada ka sa tukuna. Masu haƙa ma suna da waya, kuma sun fi hukuma saurin isa daji.

Fara tabbatar da abin da ka gani. Ramin ɓarayin kufai daga sama yakan fito ne baƙin ɗigo, kewaye da zoben ƙasa mai haske wadda aka tono aka zubar a bakinsa, kuma ramukan na cunkushe ba tsari. Haka aka gan su a kufan tsohon birnin Afamiya na Siriya, inda hoton 2011 ya nuna fili lafiya lau, na 2012 kuma ya nuna dubban ramuka. Sai dai a ƙasarmu abubuwa da yawa suna kama da haka: ramin masu haƙar zinariya, inda ake ɗibar ƙasar tubali, rijiyoyin lambu, har da suri. Saboda haka ka buɗe manhajar a kwamfuta, ka danna alamar agogo, ka jera hotunan shekarun baya. Gwada rani da rani, don ciyawar damina na rufe komai, ƙurar hunturu kuma na dusashe hoto. Ka kula da kaifin hoton ma. A hoton kyauta na tauraron ɗan'adam Sentinel-2 kowane ɗigon hoto mita 10 ne a ƙasa, ramin mita biyu ba zai fito ba sam. Sai irin na tauraron WorldView-3, mai kusan santimita 30. Ko da hoton ya yi kyau, zato kawai yake bayarwa. Ba ya nuna wanda ya haƙa, kuma ba ya halatta a ɗora wa mutanen ƙauyen kusa laifin sata.

Haɗarin yana cikin lambobin wuri, wato lambobin digiri da ke nuna inda wuri yake a taswira. Digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kusan kilomita 111 ne. Idan ka rubuta lamba biyar bayan ɗigo, ka kai mutum kusan mita ɗaya daga wurin. Lamba biyu, kusan kilomita ɗaya. Lamba ɗaya, kusan kilomita 11. Abin da zai fita bainar jama'a kada ya wuce lamba ɗaya. Yanke gindin hoton inda lambobin suke bai isa ba, domin gwiwar kogi ko mararrabar hanya ta wadatar wa wanda ya san yankin. Hoton waya ma yakan ajiye lambobin a ɓoye a cikinsa, sai an kashe GPS na kyamara kafin ɗauka.

Cikakken bayani, wato lambobi, ranar kowane hoto da adadin ramuka, ka kai shi a rubuce ga hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, NCMM, wadda dokar 1979 ta damƙa wa wannan aiki, ko ga sashen ilimin kufai na Jami'ar Ahmadu Bello da ke kusa da kai. Kada ka tona da kanka, tono sai da izinin hukumar. Wawashewar da aka yi wa kufan Nok a shekarun 1990, da na Bura a Nijar, ta faru ne bayan labari ya bazu cewa akwai abin sayarwa a ƙarƙashin ƙasa.

Tambaya: Na ji wasu jami'o'in Ingila suna tattara bayanan kufan Afirka daga sama ba tare da sun taka ƙasar ba. Wa ya ba su izini? Daga wata malamar makaranta a Maraɗi.

Amsa: Malama, gaskiya ne. Shirin EAMENA ya fara a 2015 a jami'o'in Oksfod da Lesta, daga baya Jami'ar Daram ta shigo, yana bin Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka. Shirin MAEASaM na Jami'ar Kambirij yana aiki a ƙasashe kamar Mali, Senegal da Sudan. Doka ba ta hana kallon ƙasa daga sararin samaniya, kuma amfanin aikin babba ne: hotunan leƙen asirin Amurka na CORONA, da aka ɗauka daga 1960 zuwa 1972 aka saki a 1995, suna nuna kufai kafin gonaki, madatsun ruwa da gine-gine su cinye su. Inda ake yaƙi kuwa, sau da yawa babu wata hanyar gani sai wannan.

Amma rashin haramci a doka bai sauke nauyi ba. A ganinmu ana auna irin wannan shiri ne da inda rumbun bayanan yake, da wanda ke riƙe da mabuɗinsa, da ko an horar da ma'aikatan ƙasar har za su iya ci gaba idan kuɗin tallafi ya ƙare. Shirye-shiryen biyu suna horar da ma'aikatan hukumomin ƙasashen, kuma EAMENA ba ta buɗe cikakken rumbunta sai ga wanda ya yi rajista. Abin da hoto ba ya iya faɗa shi ne matsayin wurin a wajen mutanensa. Tudun da mai bincike ya ba lamba yana iya zama maƙabartar kakanni, ko wurin da ba a shiga sai da al'ada. Don haka kafin a je tabbatarwa a ƙasa, a fara da hakimi da dagaci, a nuna musu hoton, a tambaye su abin da suka yarda a rubuta da abin da ba su yarda ba.

Tambaya: Jirgi marar matuƙi fa? Daga mai ɗaukar hoton biki a Kano.

Amsa: Malam, wannan ya fi tauraro kaifi, har santimita kaɗan, shi ya sa sharaɗinsa ya fi tsauri. A Najeriya sai da izinin hukumar jiragen sama, NCAA, da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Idan badalar Kano za ka bi, ka tuna gidaje na manne da ita, kyamararka za ta leƙa tsakar gidan matan aure. Sanar da mai unguwa tun da wuri, ka karkata kyamara ga ganuwar, duk hoton da ya kama cikin gida ka goge shi kafin ka bar wurin.