Amsa: Me ya sa Tyr yake da hannu ɗaya?

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ya sa ake zana Tyr, ɗaya daga cikin allolin tatsuniyoyin mutanen Sikandinebiya na da, da dungu. Kyarkeci ne ya cinye hannun.

Sunansa Fenrir, ɗan Loki, wani mayaudari da ke cikin allolin. Labarin yana cikin littafin Edda da Snorri Sturluson ya rubuta a Aisilan wajen 1220. Allolin ne suka rene shi, amma da suka ga yadda yake girma sai tsoro ya kama su. Sau biyu suna ɗaure shi da sarƙa yana tsinkewa. Sai suka sa wadanni suka saƙa wata igiya mai laushi, Gleipnir, daga abubuwa shida, ciki har da ƙarar takun kyanwa, gemun mace, saiwar dutse da numfashin kifi. Wai shi ya sa ba a samun waɗannan a duniya yanzu!

Fenrir ba wawa ba ne. Ya ce ba za a ɗaure shi ba sai wani ya sa hannu a bakinsa jingina. Kowa ya noƙe, sai Tyr. Da igiyar ta ƙi tsinkewa, ya datse masa hannun dama. Ni dai a ganina kyarkecin aka ci amana. A ranar Ragnarok, wato yaƙin ƙarshen duniya a tatsuniyar, zai kuɓuce ya haɗiye Odin, shugaban allolin, sannan Vidar ɗan Odin ya kashe kyarkecin.