Tambaya da Amsa: Tashar Rediyon da Magana Ce Jarinta

Tambaya: Ɗan'uwana da ke karatu a Ingila ya ce yana sauraron wata tashar BBC mai suna Radio 4, wadda kusan ba ta sa kiɗa. Shin ita ce uwar Sashen Hausa? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, ba ita ba ce. Sashen Hausa, wanda ya fara aiki a 1957, yana ƙarƙashin ɓangaren BBC mai watsa shirye-shirye ga ƙasashen waje, ita kuwa Radio 4 an buɗe ta ne a 1967 domin mutanen Birtaniya. Ba ta sa tallace-tallace, domin ana tafiyar da ita da kuɗin lasisin talabijin da magidanta ke biya.

Da safe akwai shirin Today, inda 'yan jarida ke titsiye ministoci da tambayoyi, sannan a bi da muhawara, kimiyya, addini da wasan kwaikwayo. The Archers, wasan da ake yi kan rayuwar wani ƙauye tun 1951, an ƙirƙiro shi ne don a wayar da kan manoma. Wanda ya fi burge ni shi ne hasashen yanayin teku, inda mai gabatarwa ke karanto sunayen yankunan ruwa ɗaya bayan ɗaya cikin natsuwa domin masunta da matuƙan jiragen ruwa, amma har waɗanda ba su taɓa shiga kwalekwale ba sukan kasa kunne.

Alaƙarsu dai ita ce, idan dare ya raba, Radio 4 takan jona da shirye-shiryen Turanci na ɓangaren ƙasashen wajen har zuwa asuba.